In shagon Amurka ya riƙe maka odar laftof saboda sunanka, ga yadda ake warware ta

Shekaranjiya wani yaro da muke unguwa ɗaya a Tudun Wada ya faɗo shagona ido jajir, wai wata bakwai yana tara kuɗi ya sayi laftof a wani shagon intanet na Amurka, kuɗi sun fita daga kati lafiya lau, washegari sai ga imel wai an dakatar da odarsa ana bincike. Yana ta cewa "Oga shikenan sun cinye min ko?" Nace masa zauna tukuna ka sha ruwa, ba wanda ya cinye maka komai, ni da kake gani sau biyu ana min haka. To da yake naga abun yana neman zama ruwan dare, musamman ga masu gyaran waya da ɗalibai da masu harkar sola, nace bari in zauna in rubuta abun da na koya, dan wanda ya faɗa ciki kar ya ƙara jagwalgwala lamarin da hannunsa.

Ni gyaran laftof da inbata nake yi, kuma akwai ƙananan kayan da ko ka zaga kasuwar Sheikh Gumi sau goma ka wuce Farm Centre a Kano ba zaka samu na asali ba, dole sai ka yi oda daga waje. Karo na farko da aka riƙe min, osiloskof ne ƙarami, wato na'urar da ke nuna motsin lantarki a allo, da wasu 'yan cif-cif da duka-duka ba su cika tafin hannu ba. Na kwana uku ina zagin mutanen nan a raina, ina cewa dan sunga Najeriya ne, dan sunga sunan Musulmi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba yadda nake zato ba. Babu wani Bature da ya zauna ya kalli sunana ya tsane ni. Kwamfuta ce ta ɗauki sunana ta gwada da wani dogon jerin sunayen waɗanda aka sa wa takunkumi, taga ya yi kama da na wani, ta tsayar da komai tana jiran mutum ya zo ya duba.

Jerin nan ba guda ɗaya bane, kuma yana da kyau ka san su tunda da su zaka yi mu'amala. Babban cikinsu shi ne na ofishin OFAC mai kula da takunkumi da ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi ta Amurka, ana kiransa jerin SDN. Duk wanda ke ciki, haramun ne Ba'amurke ko kamfanin Amurka ya sayar masa ko ya karɓi kuɗinsa, in ma dukiyarsa ta shigo hannunsu dole su ƙulle ta. Sai na ma'aikatar kasuwanci, hukumar BIS, su kuma kaya suke sa wa ido, wane kaya zai fita, zuwa ina, zuwa hannun wa. Jerinsu ne aka jefa Huawei a watan Mayun 2019, shi yasa wayoyin Huawei da suka fito bayan nan ba Play Store a cikinsu, in ka taɓa shan wahalar sa wa kwastoma Gmail a irinsu to ka riga ka ɗanɗana wannan doka ba ka sani ba. DJI masu yin duron, wato ɗan jirgi mara matuƙi, suma an sa su a Disambar 2020. Majalisar Ɗinkin Duniya nada nata, Turai nada nata, Ingila nada nata, mu ma nan gida akwai kwamitin takunkumi na ƙasa mai nasa jerin. Wannan duk daban suke da jerin hana hawa jirgi, kar ka haɗa su.

Yanzu ga inda mu ƴan Arewa muke shiga uku. A watan Maris na 2022 OFAC ta sa ƴan Najeriya 6 a jerin SDN, waɗanda kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kama da laifin tura wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai. Je ka duba sunayen: Musa ne, Adamu ne, Yusuf, Isa, Ibrahim, Alhassan, Abubakar, Muhammad. Sunayen da in ka tsaya a ƙofar masallacin Sultan Bello ranar Juma'a ka ƙwala kiran ɗaya, mutum hamsin za su juyo. Kafin su tun 2012 akwai Abubakar Shekau a ciki, ga kuma ɗaruruwan Muhammad da Ahmad da Ali daga Iran da Siriya da Yaman da Somaliya. Ita kuma kwamfutar ba daidai-wa-daida take nema ba, kamanni take nema, Muhammad da Mohammed da Muhammed duk ɗaya ne a wajenta, ko ka sa sunan uba a gaba ko a baya. Mu kuma ba mu da sunan dangi irin na Turawa da zai bambanta mu, sunanka ne da na babanka shikenan. Sannan ƙarin gishiri, da yawanmu a takarda ranar 1 ga Janairu aka haife mu.

Zaka ce to su kamfanonin me ya yi musu zafi haka a kan laftof ɗaya? Tara ce. Dokar OFAC ba ta tambayar ko ka sani ko ba ka sani ba, in ka sayar wa wanda ke jeri ka yi laifi kawai. A 2015 PayPal ta biya kusan dala miliyan 7.7 saboda sakaci wajen tantance mutane. A 2019 Apple ta biya kusan dala dubu 467, kuma cikin abubuwan da suka jawo akwai wani abun dariya, na'urarsu ta kasa gane cewa sunan wani kamfanin Sulobeniya da aka rubuta da manyan haruffa shi ne dai wanda ke jeri da ƙananan haruffa. A 2020 Amazon ta biya dala 134,523, daga cikin dalilan akwai odar zuwa Kirimiya, yankin da aka sa wa takunkumi, da aka rubuta sunansa Krimea maimakon Crimea ta wuce ba a kama ba. To wanda maciji ya sara in yaga tsumma gudu yake. Sun matse na'urar har ta koma kama duk abun da ya yi kama, gara su ɓata wa mutum dubu irina rai da su bar ɗaya ya sulale.

Toh. Imel ya shigo, an riƙe oda. Kafin ka yi komai ka nutsu ka karanta shi sau biyu, ka fara tabbatarwa daga shagon ya fito. Kar ka danna wani link a ciki, ka buɗe shafin shagon da kanka ka shiga akawunt ɗinka kaga ko odar na nuna an dakatar. ƴan damfara sun san wannan harka sarai, suna tura irinsa dan su kwashi hoton fasfo.

In ka tabbatar na gaske ne, abun da zaka gano shi ne wanne ne cikin uku ya tsayar da kai: sunanka, ko kayan da ka saya, ko hanyar da kuɗi da kayan suka bi. Maganinsu daban-daban ne, kuma yawancin mutane wajen nan suke ɓata, ana tambayarsu me za su yi da kaya su kuma suna ta tura NIN. In imel ɗin na neman cikakken suna, ranar haihuwa, ƙasar haihuwa, to suna ne. In yana tambayar wa zai yi amfani da kayan kuma a wane aiki, kaya ne. In kuwa maganar adireshi ce ko kati bai dace da mai oda ba, hanya ce, wani lokacin ma ba takunkumi bane sam, tsoron katin sata ne kawai.

Na suna shi ya fi yawa kuma shi ya fi sauƙi. Jerin nan ba sirri bane, a fili yake kyauta, ko da waya zaka iya dubawa. Ka nemi Sanctions List Search na OFAC, ka rubuta sunanka yadda ka sa a oda, akwai wani ɗan maɓalli da ake ja wanda ke auna yawan kamanni, yana kan 100, ka jawo shi ya dawo kamar 80 sai ka ga waɗanda na'urar shagon wataƙila ta haɗa ka dasu. Akwai kuma Consolidated Screening List a shafin trade.gov wanda ya haɗa jerin ma'aikatu uku waje ɗaya. Ranar da na duba nawa ina zaune a bencin shago, fanka ta mutu ba wuta, sai ga mutumin ya fito, sunanmu na farko ɗaya, na uba harafi ɗaya ya raba. Na danna, aka nuna shekarar haihuwarsa da ƙasarsa da sauran sunayen da yake amfani dasu. Ya girme ni da kusan shekara ashirin kuma ba ma ɗan Afirka bane. Wallahi sai naji wata irin nutsuwa haɗe da haushi, wato a kan wannan bawan Allah na kwana uku ba barci.

Wannan bambancin shi ne makaminka. Ka amsa musu a gajarce da Turanci mai sauƙi, ba fushi ba roƙo ba dogon tarihi. Lambar oda a sama. Cikakken sunanka yadda yake a fasfo harafi da harafi. Ranar haihuwa, garin haihuwa, ƙasa, inda kake zaune, sana'arka. Sai ka ce ka duba jerin kaga akwai mai suna kusa da naka amma shekarar haihuwa da ƙasa sun bambanta, kana roƙon a miƙa wa sashen da ke kula da dokar fitar da kaya. Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci, dan yaran da ke amsa cat ɗin kwastoma ba su da ikon sakin oda, in ka tsaya musu da su sai ku kwana kuna zagaye ɗaya.

Shaida kuwa fasfo ne sarki. Lasisin tuƙi yana biye, katin zaɓe da silif ɗin NIN wasu na karɓa wasu ba su san su ba. In sun baka shafin da zaka ɗora a cikin akawunt to can zaka sa, ya fi imel tsaro. Hoton ya fito tas, kusurwa huɗu duk a ciki, ba walƙiyar fitila a kan suna. Ni ina rubuta sunan shagon da kwanan wata a jikin hoton ta gefe, yadda ko ya faɗa hannun wani ba zai yi saurin amfani dashi wani waje ba. BVN da lambobin bayan kati da OTP kuwa ba shagon gaske da zai nema, duk wanda ya nema ɓarawo ne.

Akwai matsala ta mu ta gida da ya kamata in tsaya a kai sosai, dan ita ta kusa kada yaron nan na shekaranjiya. A katin banki shi Mohammed ne, a NIN Muhammad, a akawunt ɗin shagon kuma ya rubuta laƙabin da abokai ke kiransa har da sunan ƙungiyar ƙwallo a ƙarshe, adireshin ɗaukar kaya kuma sunan yayansa. Mutum huɗu kenan a idon mai dubawa. Nace masa kai ko ni ne a kujerar nan ba zan saki kayan ba. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke fasfo, ka bi duk sauran ka daidaita, banki da NIN da imel da akawunt. In kana da suna na uku ka dinga sa shi kullum, in kuma takardunka na ɗauke da sunan gari kamar Zariya ko Ikara ko Soba to ka gode Allah, wannan kalma ɗaya tana raba ka da dubban mutane. Gyaran suna a NIN akwai ɗan wahala da kuɗi da zuwa kotu rantsuwa, na sani, amma sau ɗaya ne. Adireshi ma ka rubuta na gaske mai lambar gida da titi, ba "bayan gidan mai kusa da mai shayi" ba, ka sa lambar gidan waya, ta babban ofishin Kaduna 800001 ce in ba ka san ta unguwarku ba.

Sai na kaya. Laftof na yau da kullum da waya da firinta ba su da matsala zuwa Najeriya, ba ma cikin ƙasashen da Amurka ta rufe wa ƙofar kasuwanci irin su Iran da Koriya ta Arewa da Kuba. Amma akwai kayan da suke kallo a matsayin mai fuska biyu, farar hula na amfani dashi soja ma na amfani dashi. Misalin da ya fi shafarmu masu gyara shi ne kyamarar zafi, wacce ake haska allon cikin waya ko inbata a ga inda ya ɗau zafi. Wacce ke ɗaukar hoto sau 9 a daƙiƙa, za ka ga an rubuta 9Hz, tana fita ba wahala, amma da ta haura haka zuwa 30 ko 60 ta shiga sahun da ake bi da takarda. Ni karo na biyu a nan na faɗa, na hango babba na ce bari in yi ta maza, ashe ƙaramar ma ta isheni aikin. Madubin ganin dare, wasu cif masu ƙarfi, manyan katin girafik na harkar AI, wasu na'urorin GPS da rediyon sadarwa, duk suna iya jawo tambaya. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 abun ya ƙara tsanani, saboda an yi ta samun cif na kasuwa a cikin makamai, shi yasa yanzu ko ɗan cif na dala biyar sai a tambaye ka.

Kafin ka biya, duba shafin kayan ko akwai lambar da ake kira ECCN, mai nuna rukunin kayan a dokar fitarwa. In kaga EAR99 to kayan gama-gari ne, hankali kwance. In lamba ce mai harafi a tsakiya kamar 6A003 ko 3A001, ka tura musu tambaya tukuna ko suna aikawa Najeriya, kar ka saka kuɗinka a rami sannan ka fara tambaya.

In sun turo fom na bayanin amfani, cika shi da gaske kuma dalla-dalla. Zaka ga tambayoyi masu ban dariya, wai ko zaka haɗa makamin nukiliya ko makami mai linzami, kar ka yi wasa a wajen, na san wani da ya rubuta raha a irin wannan fom aka rufe masa akawunt gaba ɗaya. Kuma kar ka rubuta "amfanin kaina" ka yi shiru, wannan amsar ita suka fi tsana, ƙin bayyana amfanin kaya na cikin alamomin haɗari da BIS ta lissafa musu a rubuce. Ka ce ni mai gyaran inbatar sola ne a Kaduna, zan yi amfani da shi wajen gano inda allo ya ƙone, a shagona zai zauna, ba zan sayar wa kowa ba kuma ba zai bar Najeriya ba. In kana da rajistar CAC ka haɗa, in ɗalibi ne katin makaranta da wasiƙar malami mai duba furojet.

Garinmu kuma garin soja ne, ga NDA ga DICON a Kakuri ga sansanin sojan sama ga Jaji a hanyar Zariya. In adireshinka na ɗauke da kalmar bariki ko wani abu na tsaro, ko imel ɗinka na irin wajen ne, ka sa rai za a tambaye ka ko kayan na aikin soja ne. Haka ɗaliban cibiyar binciken makamashi ta ABU, inda ƙaramin injin nukiliya na bincike yake tun 2004. In sayayyar ta kanka ce, wayar matarka ce ko laftof ɗin yaro, ka faɗa a fili. In kuwa ta ofis ce to ba ta katinka ya kamata ta bi ba, sashen sayayya nasu ya yi da takardunsa, kar ka ɗauko wa kanka dala ba gammo.

Na hanya kuma, yawancinmu muna amfani da kamfanonin da ke ba ka adireshi a Amurka ko Ingila su tattara kaya su kawo Legas ko Abuja. Halal ne, ba laifi bane. Amma a wajen mai sayarwa, adireshin ɗan aike a matsayin inda kaya zai ƙare shima yana cikin waɗancan alamomin haɗari, dan bai san inda za shi daga nan ba. In an tambaya ka faɗi gaskiya, kayan Kaduna za shi, ga sunan kamfanin da zai ɗauko. Wasu shagunan kawai ba sa aikawa irin wannan adireshi ko me zaka ce, wannan dokarsu ce, ka karɓi kuɗinka ka nemi wani shago. Kaya mai tsada da ya haura dala 2,500 akwai bayanin fitarwa da ake shigar wa gwamnatinsu, ɗan aiken kirki ya san wannan, in yace maka a rage farashi a takarda dan a kauce to ka canza shi. Biyowa ta Dubai ko Turkiyya ko Hon Kon ma yanzu yana ƙara jawo ido, saboda ta nan aka yi ta zagayawa da kaya zuwa Rasha.

VPN kuma dan Allah ka kashe shi lokacin oda. Kati na Najeriya, kai kana nunawa a Jamus, kaya za shi jihar Delaware a Amurka, wace na'ura ce ba za ta yi ihu ba. Wanda ya yi karatu a Iran ko wata ƙasa mai takunkumi ya dawo, ya duba akawunt ɗinsa ya cire tsohuwar lambar waya da adireshin can.

Yanzu abun da ba a yi, kuma shi ne abun da zuciya ke fara raya maka. An riƙe oda, sai ka buɗe sabon akawunt da wani rubutun suna, ko ka cire Muhammad ɗin ka bar M, ko ka sa sunan matarka da katinka. Kar ka soma. A da kai mutum ne da aka yi kuskure a kansa, mintuna kaɗan na mai dubawa sun wanke ka, amma da ka fara sauya kama ka zama mai ƙoƙarin zille wa tantancewa, kuma na'urarsu tana haɗa waya ɗaya da kati ɗaya da adireshi ɗaya. Daga nan ba riƙe oda bane kuma, rufe akawunt ne na har abada.

Da abun kyamarar nan ya faru na kira ƙanwar babana da ke zaune a Amurka ina ba ta labari, tace "To ɗan nan ba sai in saya da sunana in ba wani mai zuwa ya taho maka da ita ba?" Nace "A'a Gwaggo, wannan kam ki barta." Laftof ko waya in ta saya min ta aiko ba komai, kyauta ce tsakanin dangi, ba ni cikin kowane jeri. Amma kayan da doka tace sai da lasisi zai fita, in ta saya kamar nata ta saka a jakar wani, ita ce ta fitar dashi ba izini, kuma ita ce ke zaune a ƙasarsu da takardun zamanta. A kan kyamarar duba inbata ba zan jefa tsohuwa cikin wannan ba. Na soke odar na sayi mai 9Hz, ita nake aiki da ita har yau.

Maganar kuɗi, wacce ita ce ainihin abun da ke hana barci. In da kati ka biya aka soke oda, yawanci kuɗin ba su ma isa hannun shagon ba, riƙe su aka yi, za su dawo da kansu, nawa kwana 9 suka yi. Ka ajiye imel ɗin sokewa da sikirinshot, in an wuce sati biyu ka je bankinka da su a buɗe maka ƙorafi a rubuce. Kar ka yi gaggawar sa banki ya janyo kuɗi da ƙarfi alhali shagon na cikin dubawa, hakan na sa su rufe ƙofa. Kuma ka sa a ranka canjin dala zai iya motsawa tsakanin fita da dawowa, wannan asarar ba mai biyanka.

In kuwa tiransifa ka yi ta dala daga asusun dom, wato asusun ajiyar kuɗin waje, lamarin ya ɗan fi nauyi, dan dala kusan kullum sai ta ratsa wani banki a Amurka, can ma ana tantance suna. Ka tambayi bankinka abu ɗaya: an dawo da kuɗin ne ko an ƙulle su? In dawowa ne sai jira. In ƙullewa ne, bankin can ya saka su a asusu na musamman ya kai rahoto OFAC cikin kwanakin aiki 10. Ka nemi takardar shaidar tiransifar da ake kira MT103, ka ba bankinka fasfo da rasit ɗin kayan su tura can, sau da yawa a nan ake gane kuskure ne a saki. In ya ƙi, OFAC na da fom a shafinta na neman a saki kuɗin da aka ƙulle bisa kuskuren suna, kyauta ne amma yana cin lokaci, in kuɗin masu yawa ne ka nemi lauya. Bankunan waje sun ƙara matsa wa kuɗin Najeriya bayan hukumar FATF mai yaƙi da safarar kuɗin haram a duniya ta sa mu a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, an cire mu a Oktoban 2025, amma irin wannan ɗabi'a ba ta saurin sakin mutane.

Wani zai zo maka a WhatsApp yace yana da hanya, zai samo maka satifiket na wanke suna daga OFAC a kan dubu kaza. Babu wannan takardar, OFAC ba ta ba kowa shaidar cewa ba ya cikin jeri. Kuma ba a cire sunanka tunda tun farko ba ka ciki. Abun da zaka iya shi ne bayan an sake ka, ka roƙi shagon su rubuta a akawunt ɗinka cewa an tantance ka, ka ajiye lambar ƙorafin, kuma ka riƙe akawunt ɗin nan kar ka yi ta buɗe sabo. Wani shagon daban zai iya sake tsayar da kai daga farko, shi yasa ni ina da folda ɗaya a waya, hoton fasfo, rajistar shago, hoton teburin aikina, da wasiƙar nan a rubuce sai dai in canza lambar oda.

Kar kuma ka gama da Amurka ka manta da namu. Duron da kayan leƙen asiri da madubin dare in sun iso, kwastan za su nemi takardar EUC, wato shaidar wanda zai yi amfani da kayan, daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, duron kuma tun 2016 sai da izinin hukumar jiragen sama ta NCAA kafin ka tashe shi. Masu ɗaukar bidiyon biki ku ne wannan ya fi shafa, a nemi takardar kafin a yi oda ba bayan kaya ya kwana a filin jirgi ana lissafa maka kuɗin ajiya ba.

Shi yaron nan mun zauna tare a shago muka gyara sunan akawunt ya dace da fasfonsa, muka cire sunan yayansa daga adireshi, muka rubuta wasiƙar layi shida muka tura wajen la'asar. Jiya da daddare ya turo min sikirinshot an saki odar, laftof ɗin ya kama hanya. Yanzu kuma tambayar da ya dame ni da ita ita ce nawa kwastan za su caje shi.